Shekarar da 'Ya'yan Kifi Suka Daina Gudu

Na san abin da ake faɗa muku game da mahaifinku. Wasu a gabanku suke faɗa, wasu sai kun juya baya. Ana cewa mutanen ruwa ne suka taɓa Malam Bukar, shi ya sa ya hana gari yin su a tafkin kakanninsa, ya bar abinci ya ruɓe, ya kuma kori babban ɗansa. Ku 'ya'yana kun ga wani abu da idonku, amma yawancinku kuna ƙanana. Ku kuwa jikoki, musamman 'ya'yan Abba, ba ku da komai sai abin da aka zuba muku a kunne. Ni ina cikin gidan tun farkon al'amarin har ƙarshensa, don haka zan faɗa muku yadda aka yi.

Tafkin da ake magana a kansa yana gabas da ƙauyenmu, inda yanzu kuke ganin shinkafar Baffanku Modu. A da, idan kogin Haɗejiya ya cika ya fantsama cikin fadama a ƙarshen damina, kifi kan biyo ruwan ya shiga ciyawa ya yi ƙwai. In ruwa ya janye da kaka sai tafkin ya yanke daga kogi, 'ya'yan kifin su saura a ciki suna girma. Daga nan ba mai jefa ko ƙugiya sai bazara, ranar da mai tafki ya ce a shiga. Kakan Malam ne ya taso daga wajen Chadi ya fara riƙe wurin, riƙon ya gangaro har kan Malam, ƙaninsa Modu yana bayansa. Ranar su kowa na gari yana da rabo, mai gora da mai koma, har tsofaffin da ba sa iya shiga ruwa ana kai musu nasu gida. Ni kuwa banda ce sana'ata. Murhuna yana kusurwar tsakar gida, kuma bayan su sai mu yi makonni hayaƙi bai yanke ba, dillalai suna zuwa daga Haɗejiya da Kafin Hausa suna ɗauka. Ba zan ce muku komai yana lafiya kafin shekarar nan ba. Tun ina amarya ake cewa ruwa ya ragu, ciyawar kacala ta toshe hanyoyi, manyan kifaye irin bargi sun yi wuyar gani. Amma ƙarancin kifi abu ne da masunci ya sani, yana da haƙurinsa. Abin da ya zo mana a shekarar nan ba ƙaranci ba ne.

Da kaka ne, ruwa ya fara janyewa. Malam ya fita duba tafki kamar kullum, sai ga shi ya dawo tun hantsi bai yi ba, da daro a kansa. Ban taɓa ganin ya ɗauko daro da kansa ba. Ya sauke shi a gindin darbejiya ya kira ni.

"Hajara, zo ki ga wani abu."

Na leƙa. 'Ya'yan tarwaɗa ne da na karfasa, ba wanda ya kai tsawon ɗan yatsa.

"Ɗora hannunki a sama. Kada ki taɓa ruwan, inuwar kawai."

Na wuce da hannuna bisa daron. Ko ɗaya bai motsa ba. Na sake, har na kaɗa mayafina a kai. Suna nan yadda suke, wasu kansu a sama suna buɗe baki, wasu suna juyawa a wuri ɗaya kamar an ɗaure su da zare. Ni 'yar cikin gari ce, ba a gidan su aka haife ni ba, amma na san ɗan kifi ko ganye ne ya faɗo kusa da shi sai ya ɓace.

"Ko zafin daron ne ya gajiyar da su?" na ce.

"A tafkin ma haka suke. Da hannu na kwashe su. Zalɓe yana tsaye a cikinsu yana tsinta kamar kaza a kan tsaba, ba ya ko ɗaga ƙafa."

Ya sa tafin hannu ya ɗebo ɗaya ya nuna mini. Bayansa a karkace yake, cikinsa a kumbure wajen ƙirji. Ya ɗebo wani, shi ma haka. Ya mai da su ruwa a hankali, ya zauna a kan turmi yana kallonsu har aka kira azahar.

Daga ranar nan daron ya zauna a gidanmu. Kullum sai ya kawo sababbi, na jiya sun mutu. Ya gwada ɗebowa daga gefen gabas na tafkin, ya gwada na yamma, ya je har wajen Miga wurin wani abokinsa masunci, ya dawo ya ce can ma akwai, sai dai ba su lura ba sai da ya nuna musu. Wannan zaman a kan turmi shi ne mutane suka fara ɗauka suna yawo da shi. Mata su shigo ɗaukar wuta, su gan shi sunkuye yana wuce da hannu bisa ruwa, su fita su ce Malam Bukar yana magana da daro. Ba magana yake yi ba. Mutum ne da ya yi rayuwarsa duka yana karantar kifi, sai aka wayi gari ya kasa gane abin da ke gabansa.

Yayarku Falmata tana jami'a a lokacin, kuma abin da take karantawa ke nan, halittun ruwa. Da ta zo hutu uban ya nuna mata. Ta daɗe a tsugune. Daga nan ta je tafkin da kanta, ta cika kwalabe da ruwan da taɓon ƙasa, ta tafi da su. Sai tsakiyar rani ta dawo. Na ga fuskarta tun daga zaure na san ba labari mai daɗi ta kawo ba. Bayan ta ci abinci uban ya sa aka shimfiɗa tabarma, ya aika aka kira Modu da Abba, babban ɗana, wanda a lokacin yana da mata da 'ya'ya biyu, kuma ba shi da wata sana'a sai su.

"Baba," in ji ta, "ka ga garin da ke tashi in Inna tana tankaɗe? Ka ɗauki ƙwaya ɗaya ka raba, ka yi ta rabawa har ido ya daina gani, har madubin da ake duba jini da shi a asibiti ya daina gani. To akwai abubuwa masu wannan ƙanƙantar a cikin ruwa yanzu. A makaranta nano muke ce musu."

"Daga ina suke fitowa?"

"Leda da roba in sun tsufa a rana marmashewa suke yi, ba ɓacewa ba. Akwai na fenti, akwai na tayar mota da ke gogewa a kwalta, akwai na wasu mayuka da wasu magungunan feshi. Ruwan sama ya wanke su zuwa kwata, kwata ta kai kogi. Kogin nan kuwa ta manyan garuruwa yake biyowa kafin ya iso mu. A nan ƙasa ta kwanta, ruwa ya tsaya, duk abin da ya ɗauko ya sauke mana."

Ta ce babban kifi yana iya jurewa, amma ƙwai da ɗan da bai yi ƙwari ba, abin yana ratsa su, ya shiga ta inda suke numfashi, ya kai har ƙwaƙwalwa. Wani ya fito a karkace, wani ya fito da kyau amma bai san ya guje wa tsuntsu ba, bai san ya bi abinci ba.

Modu ya ce, "Kin gan su da idonki, abubuwan nan?"

"Ban gan su ba, Baffa. Na'urar da ke nuna su ba mu da ita. Abin da na iya yi shi ne na sa lafiyayyun 'ya'yan kifi a ruwan tafkinmu, wasu kuma a ruwan rijiya. Na ruwan tafki suka koma kamar na daron nan. Ko nano ne, ko maganin feshin da ke gangarowa daga gonaki, ko duka a haɗe, ba zan rantse ba. Amma alamun irin nasu ne."

Malam ya fara tambaya ɗaya bayan ɗaya, yadda yake tambayar mai magani in ɗayanku ba lafiya.

"Ana tacewa?"

"Ba ƙyallen da zai riƙe su."

"In tafkin ya huta, zai wanke kansa?"

"Ban sani ba, Baba. Kowace cikowa sabo take kawowa."

"To wa za mu kai wa kuka?"

Ta sunkuyar da kai. "Ba mutum ɗaya ba ne. Kowa ne. Har mu."

Abin da Malam ya ɗauka daga maganar nan kalma biyu ce: ruwan rijiya. Idan 'ya'yan kifi suna rayuwa a ruwan rijiya, to a haife su a ruwan rijiya, a raine su har su yi ƙwari, sannan a kai su tafki. Falmata ta ce ana yi, masu gonar kifi haka suke ƙyanƙyasa, kuma za ta iya koya masa, amma ba ta yi masa alkawarin za su tsira a tafkin ba. Ya ce ya ji. Bayan wannan kuma, ya ce manyan kifayen da suka rage a tafki su ne iyaye, in aka kwashe su bana ba abin da zai biyo bayansu, tunda na bana ba za su kai ko'ina ba. Don haka bana ba za a yi su ba.

Ina so ku fahimci Baffanku Modu, domin shi ma ba mugu ba ne. Ya zo washegari ya same mu ni da Malam, ya zauna a ƙasa kamar yadda ya saba.

"Yaya, gidaje nawa ne ke jiran ranar nan? Akwai wanda ya sa bikin 'yarsa bayan su. Akwai wanda hatsinsa ya ƙare. Za ka ce musu su haƙura saboda wani abu da ko yarinyar da ta faɗa ba ta gan shi ba?"

"Ni na gani. A daro na gani."

"To in gaskiya ne, ruwan ya mutu ke nan. Mu kwashe abin da Allah ya bar mana, mu yashe wurin mu sa shinkafa kamar kowa."

"Ba a hannuna za a yashe shi ba," in ji Malam.

Da Modu ya fita, Malam ya juyo ya dube ni. A zamanmu bai cika tambayata shawara kan al'amarin ruwa ba, amma ran nan ya tambaya, domin wurin da za a gina tankin ƙyanƙyasa ba wani wuri ba ne sai kusurwar da murhun bandata yake, nan ne kaɗai inuwa ke wuni. Kuma ba shi da abin sayen siminti da bulo. Ni ina da saniyar da na gada daga mahaifiyata. Ba wanda ya tilasta mini. Na duba na ga in tafkin ya mutu murhun ma ya mutu, saniya kuwa ba za ta ciyar da mu har abada ba. Na ce a kai ta kasuwa. Da hannuna na fara cire tubalin murhun.

Bazarar shekarar nan ta yi zafi irin wanda ba na son tunawa. Malam, mai tafki, wanda ake gaisarwa a durƙushe ranar su, shi ne ya koma tura kura da jarkoki daga rijiyar burtsatse zuwa gida, yana wuce majalisa ana yin shiru. Tafkin kuma ya yi ta ja da baya fiye da yadda aka saba. Bai taɓa ƙafewa ba, bana ma bai ƙafe ba, amma ruwan ya yi ƙasa ya yi zafi, kifin da aka bari ya cunkushe. Wata safiya aka tarar da su birjik a gefe, farin ciki a sama. Karfasa ce ta fi mutuwa. Kafin rana ta take wari ya iso cikin gari. Mutanen da ke cin tuwo da miyar kuka tsura suka tsaya a bakin tafki suna kallon ungulu na cin rabonsu. Ba na ganin laifinsu da suka yi fushi. Modu ya cika kwando da ruɓaɓɓen kifin ya kawo ya ajiye a ƙofar zaurenmu, ya juya. Cikin makon nan ya kira magina suka ja katanga tsakanin sashensa da namu. Ita ce katangar da kuka tashi kuka gani kuka zaci tun asali haka gidan yake.

A kwanakin nan ne Abba ya same ni ina tsince shinkafa. Ya tsuguna nesa kaɗan. Ku 'ya'yansa ku saurara da kyau, domin wannan ita ce korar da ake ce muku an yi masa.

"Inna, ke kaɗai Baba yake ji. Ki ce masa ya bar mu mu kwashe tarwaɗar da ta rage."

"Su ne iyayen da yake so ya ƙyanƙyasa."

"In ya ɗebi nasa, sauran fa? Yara sun kwana biyu ba su ga miya mai kyau ba. Ni ban iya noma ba, ban iya kasuwa ba. Wannan kaɗai ya koya mini."

Na ce masa ya yi haƙuri zuwa kaka. Na ce abin da uban yake yi dominsa yake yi, da 'ya'yansa. Ya ce ya sani, kuma bai ce Baba ya yi kuskure ba, amma yunwa ba ta san kaka ba. Ya ce akwai waɗanda za su tafi bakin Chadi, an ce can kifi ya yi yawa tunda mutane sun gudu sun bar ruwan. Na ce ai abin da ya kore su yana nan. Ya ce wata uku kawai, ya tara abin da zai riƙe gida ya dawo. Ya je ya gaya wa uban. Malam ya hana shi, ya sake hana shi, har ya ce masa in dai don tarwaɗar ce ya je ya kwasa. Abba ya ce abin da ya rage a tafkin yanzu ko gida ɗaya ba zai riƙe ba, a bar wa Baba iyayen kifinsa. Ya durƙusa uban ya sa masa albarka. Da ruwan farko ya tafi, da goransa da ƙullin kayansa. Ba faɗa, ba zagi. Haka aka yi.

Da damina ta kankama Falmata ta zo da allurar da ake yi wa uwar kifi don ta saki ƙwai. Malam ya zaɓo manyan tarwaɗa daga tafki. Ta nuna masa yadda ake matse cikin macen a hankali ƙwan ya zubo a kwano, ta kuma ce namijin sai an farke shi. Ya yi bismilla ya farke. Aka shimfiɗa ƙwan a kan raga cikin tankin. Washegari da safe ya kira ni, muryarsa ƙasa-ƙasa kamar mai tsoron tada jariri. Ƙasan tankin ya yi duhu da wasu abubuwa kamar gashin ido, kowanne yana kaɗa wutsiya. Da yawa sun mutu a kwanakin farko, yana tsame su da cokali. Waɗanda suka rage muka yi ta ba su gwaiduwar ƙwai, daga baya abincin da Falmata ta kawo. Kaji ne ke yin ƙwan, ku kuma kuna kallo ana dafawa ana ba kifi, na san wasunku ba su manta ba.

Ranar da suka kai tsawon gaɓar yatsa, Malam ya tsaya a bakin tankin ya wuce da hannunsa a sama. Kamar an watsa tsakuwa, duk suka tarwatse suka shige kusurwa. Ya sake, suka sake. Ya yi dariya har ya dafa bango. Ya sa aka kira Abba a waya, domin a lokacin yana samun kira in ya hau tudu, ya ce masa, "Suna gudu. Ka dawo da kaka ka gani." Abba ya ce in sha Allahu. Wannan watan shi ne kaɗai mai daɗi a shekarar, kuma ina gode wa Allah da ya ba mahaifinku shi.

Cikowa ta zo ta janye, tafki ya yanke daga kogi. 'Ya'yan kifin da ruwa ya bari a ciki bana ma kamar na bara suke, har sun fi yawan karkacewa. Malam bai yi mamaki ba, nasa yake jira su ƙara ƙwari. Da suka kai tsawon tafin hannu ya zauna da almakashi ya ɗan tsinke gefen wutsiyar wasu masu yawa daga ciki, don ya gane su in ya sake kama su. Muka kai su tafki a jarkoki da sassafe. Na bi shi, ko da yake ba al'adata ba ce. Ya shiga ruwa har gwiwa yana karkata bakin jarka, suna fita kamar kibiya. Wasu mutanen gari sun tsaya daga nesa suna kallo. Modu yana cikinsu.

A tsakanin nan ne wayar Abba ta daina shiga. Da farko muka ce caji ne, ko ya yi nisa cikin ruwa. Sai ɗaya daga cikin waɗanda suka tafi tare ya dawo, ya ce an tarwatsa su a wani tsibiri, kowa ya yi ta kansa, bai ga inda Abba ya nufa ba. Malam ya shirya zai tafi nema. Da ya fito da asuba ya tarar da Modu a ƙofa da jakarsa, ba wanda ya gaya masa. Suka tafi tare, watanni ke nan ba su yi magana ba. Sun kai inda mota ke tsayawa, aka ce musu daga nan ba a wucewa. Suka yi ta tambaya a tashoshi da wuraren da 'yan gudun hijira suke zaune, suna nuna hotonsa. Suka dawo su biyu. Har yau da nake ba ku wannan labari ba wanda ya zo ya ce mini ya ga gawarsa, ba kuma wanda ya ce ya gan shi da rai. Ban san addu'ar da ta dace da shi ba, sai in haɗa duka biyun.

Kwana kaɗan da dawowarsu Malam ya ɗauki birgi, tarun nan na jefawa, ya tafi tafki. Ina jin abin da ya rage masa ke nan da zai duba. Ya dawo da daron, ya sauke a gindin darbejiya, wannan karon bai kira ni ba, ni na je. Manya ne, masu tsinkakkiyar wutsiya, nasa na hannunsa. Ba su karkace ba, amma sun rame, kai ya fi jiki. Suna kwance a ƙasan daron. Ya wuce da hannu a sama. Ɗaya ya ɗan kaɗa wutsiya ya tsaya. Sauran ko gezau.

Falmata ta ce a waya wataƙila yunwa ce, tunda ƙananan halittun da suke ci su ma ruwan ya taɓa su, wataƙila kuma abin ne ya kama su sannu a hankali. Ta fara cewa za a iya raino a tanki har su girma a sayar, ba sai an kai tafki ba. Ya ce mata, "Wannan kiwo ne, Falmata. Ni ba kifi nake nema ba, ruwan nake so ya tashi." Ta yi kuka a wayar, shi ya yi ta ba ta haƙuri.

Da la'asar ya zagaya ta waje ya shiga sashen Modu. Ban san abin da suka ce ba. Na dai san da bazara aka shiga tafkin su na ƙarshe, abin da aka samu bai isa a kai wa tsofaffi ba. Bayan nan aka kawo injina aka janye ruwan, aka yi kunya-kunya aka shuka shinkafa. Tankin kuwa na zuba kaji a ciki. Murhu ban sake ginawa ba, ba abin da zan ɗora a kai.

Malam bai yi shekaru da yawa bayan nan ba. Hankalinsa garau yake har ranar da ya cika, yana limancin asuba in liman ba ya nan, yana raba gardama tsakanin maƙwabta. Maganar ruwa ce kawai ya daina. Jinyarsa ba ta yi tsawo ba, kuma ba ita nake yawan tunawa ba. Abin da nake tunawa wata rana ce a shekarar farko ta shinkafar, da ta fara nuna, tsuntsayen jan-baki suka sauko mata kamar hadari. Masu kora sun yi ihu har muryarsu ta dishe. Modu ya zo ya tsaya a zaure yana ta gaisuwa, ya tambayi gajiya, ya tambayi yara, ya kasa faɗin abin da ya kawo shi. Malam ya dube shi ya tashi ya shiga ɗaki. Ya fito yana jan babban tarun gidan, wanda mahaifinsu ya saƙa da hannunsa, wanda sai mutum goma suke jansa ranar su. Ya warware shi a tsakar gida ya bi shi da yatsa.

"Idon ya yi faɗi," ya ce. "Tsuntsu zai wuce. Zauna."

Ya ɗauko zare da allurar saƙa. Suka zauna su biyu, ɗaya a wannan gefe ɗaya a wancan, suna ƙulla wa tarun ƙananan idanu. Na kai musu fura ba su sha ba. Sai da rana ta yi sanyi suka gama. Modu ya naɗe shi ya saɓa a kafaɗa, Malam ya raka shi har ƙofa.

"In ka gama ka shanya shi a inuwa," ya ce. "Ba ya son rana."

Modu ya ce to. Su duka biyun sun san a rana zai wuni har girbi.